Yatsan Malam Idi a Sunan Da Gyang

Duk lokacin da aka turo mana sababbin yara ofishin kula da ma'aikata, kafin mako ya zagayo sai ɗayansu ya tambaye ni, da ladabinsa kuwa, wai ina wahalar aikin nan take. Ga kwamfuta, ga kujera mai juyawa, ga sunan kowa da hotonsa. Ka danna nan hutun mutum ya fito, ka danna can ranar ritayarsa ta fito. Ba na jin haushi, ba su san dawan garin ba ne. Tun da tawa ritayar ta matso, na ga gara in rubuta muku yadda aka kawo manhajar nan da kuke taƙama da ita, da yadda aikin mutum biyu, Malam Idi da Da Gyang, masu kula da boilar kamfaninmu, ya zo ya rataya a kan babban yatsan hagu.

Aikin farko da aka ba ni a wannan kamfani na kwali shi ne tsayuwa a bakin ƙofa ina gadin agogon buga kati. Ƙarfe ne mai nauyi da aka kafe a bangon ɗakin akawu. A gefensa akwai akwatin katako mai ramuka, wani kafinta a Katako ya yi shi, kowane rami da lambarsa. Ma'aikaci ya zaro katinsa, ya cusa a bakin agogo, ya danna, ƙarfen ya yi ƙara, lokacin zuwansa ya fito da shuɗin tawada. Idan sanyin Jos ya tashi da gaske tawadar takan ƙi kamawa, sai in cire zaren tawadar in ajiye kusa da murhun shayin maigadi ya sha ɗumi. Kayan aikinmu a lokacin ke nan, sai tafireta mai cin harafi, da kabad ɗin ƙarfe da ba ya buɗuwa sai an ba shi gwiwa, da allurar ɗinke fayil.

Ubangidana Mista Bitrus ne, babban akawu, gajere mai tsabta, wanda ban taɓa ganin wuyan rigarsa a buɗe ba. Ya daɗe bai bar ni na taɓa fayil ba. Da an gama buga kati sai ya ce, "Haladu, je ka gaishe su." In zaga daga wurin masu sauke takarda zuwa injin naɗe kwali, zuwa masu gam, masu yanka, masu buga kiret ɗin ƙwai, har ɗakin boila a can ƙurya. Na ɗauka raini ne, ni da takardar sakandare ana aikena gaisuwa kamar ɗan sabuwar amarya. Idan na dawo sai ya tambaye ni wa na gani a kan injin yanka, wa ke tari a wurin gam, wa bai amsa gaisuwa da kyau ba. Da farko ba ni da amsa. Daga baya na koyi duba mutane.

Ku sani, mu ma muna da abokan ciniki, su ne ma'aikatan. Mai kiwon kaji da ke zuwa sayen kiret ya ɗauki kayansa ya tafi, mu namu ba sa tafiya. Tagar ɗakin akawu kuwa ba abin da ba ta ji ba. Wannan an yi masa haihuwa yana son hutu, wancan zai kai gawar kawunsa ƙauye, wani ya zo ƙarar shugaban sashensa amma sai ya fara da tambayar lafiyar iyalina. Wanda ya zo da hayaniya ba shi da wuya. Mai wuyar shi ne wanda zai tsaya a taga yana murza hula, ya ce ba komai, gaisuwa ce kawai. Irin wannan sai ka fito ka zagaya ka same shi.

A zagayen gaisuwar nan na fara sanin riƙo. Ba a rubuta shi a ko'ina ba, kuma ba wanda ya ƙirƙiro shi a kamfaninmu. Mahaifina, wanda ya yi helma, wato shugaban leburori, a filin haƙar kuza, ya ce haka suke yi tun can. Idan uzuri ya kama ka ranar aikinka, abokinka ya riƙe maka. Ya zo ya tsaya a kan injinka, ya buga katinka, ba nasa ba, domin ranar taka ce, shi aron hannu ya ba ka. Wata rana kai ma ka riƙe masa. Ofis ya san da haka. Mista Bitrus yakan ga mutum ya zaro katin da ba nasa ba, ya tambaye shi lafiyar mai katin, shi ke nan.

Masu riƙo da yawa jefi-jefi suke yi. Na Malam Idi da Da Gyang ne ba ya fashi. Boila ita ce tukunyar tururin da ke dafa gam ta gasa kwali, idan ta tsaya kamfani ya tsaya, kuma ba a barinta ita kaɗai ko na shan ruwa. Aikin rana a kanta su biyu ne, yau wannan gobe wancan, haka jadawalin yake juyawa bai san Juma'a ba bai san Lahadi ba. Malam Idi dogo ne mara magana, gidansa bayan kasuwar Katako. Da Gyang kakkaura ne mai dariya, dattijo a cocinsu, "Da" ɗin ma laƙabin girmama dattijo ne a yarensu, yana zuwa a kan babur daga can wajen Vom. Duk Juma'ar da ta faɗo a kan Malam Idi, Da Gyang za ka gani. Duk Lahadin da ta faɗo a kan Da Gyang, Malam Idi za ka gani. Sallah da Kirsimeti ma haka. Ban taɓa jin ɗaya ya roƙi ɗaya ba, kowa dai yana duba kalanda. Suna tsokanar juna kamar abokan wasa. Da Gyang ya ce Malam Idi ya cika rowar gishiri a ruwan boila kamar daga albashinsa ake saye, Malam Idi ya ce a bar arnen dutse da surutunsa, shi kuma ya amsa da kiran sa ɗan ci-rani. Da wani ne ya faɗi ɗaya daga cikin waɗannan kalmomi a garin nan, da an ji kansu.

Shekarar da gari ya rikice ita ce mummunar shekararmu. Ba sai na ba ku labarinta ba, iyayenku sun sani. Abin da ya shafi aikina shi ne hanya. Wata rana mutanen wannan ɓangaren ne ke iya isowa kamfani, wata rana na wancan. Mutum ya fito da safe ya iso Gada Biyu a ce masa ya koma. Oda ta ragu, masu kaji sun rasa hanyar kai ƙwai, an rufe layi ɗaya. Da dokar ofis aka bi a lokacin, da rabin ma'aikata sun tafi da laifin fashin aiki. Riƙo ne ya tsare kamfanin. Wanda ya samu isowa ya tsaya a madadin wanda bai samu ba, ya buga masa kati. Boila ba ta mutu ba ko sau ɗaya. Da ƙura ta lafa, manajan wancan zamanin ya tara mu a farfajiya ya yi godiya, ya kira sunan Malam Idi da Da Gyang a gaban kowa. Ba a rubuta godiyar a fayil ɗin kowa ba, ba a saba rubuta irin wannan ba.

Shekaru sun wuce, Mista Bitrus ya yi ritaya ya koma gona, kujerarsa ta zama tawa. Daga baya masu kamfanin suka sayar da shi ga wasu masu hedikwata a Legas, su ne suka ce duk masana'antunsu za su hau manhaja ɗaya ta kula da ma'aikata. Ɗaukar aiki, zuwa da tashi, hutu, katin asibiti, ladabtarwa, ritaya, duk a wuri guda, kuma hedikwata tana gani daga can. Aka turo mana Injiniya Rifkatu ta kafa ta. 'Yar Filato ce, ta yi karatu a waje, tana kirana Baba. Ba ta da girman kai, amma ba ta yarda da "ai haka muke yi" a matsayin amsa.

Kwashe fayiloli zuwa kwamfuta shi ne aikin da ya fi cin rai, kuma shi ne wanda ku ba za ku taɓa gani ba. Mun yi watanni muna buɗe fayil ɗaya bayan ɗaya. Manhaja tana son ranar haihuwa, mutum ya ce an haife shi shekarar da aka yi fara. Tana son magaji ɗaya, mutum ya ce ai duk 'ya'yansa nasa ne, ba zai ware ɗaya ba. Muna da Musa Ibrahim biyu a sashe guda, kowa ya san su da Dogo da Ƙarami, manhaja ta ce mutum ɗaya ne aka shigar sau biyu. Wasu fayilolin ruwan sama ya ci, wasu gara. Rifkatu tana shigarwa, ni ina zuwa in nemo mai fayil in tambaye shi. A nan gaisuwar Mista Bitrus ta yi mini rana, domin akwai tambayar da mutum ba zai amsa wa baƙo ba.

Kada ku ce tsoho ne ke ƙin sabon abu. Manhajar ta yi mana amfani. Ta tono sunayen mutanen da suka daɗe da barin aiki amma suna nan a jerin ma'aikata. Ta hana shugaban sashe danne hutun wanda ba ya so. Aikin da nake kwana uku ina haɗawa da hannu ya koma na shan shayi. Abu ɗaya ne babu a cikinta, wurin riƙo. Wanda ya tsara ta bai san da shi ba, mu kuma da aka zo tambayarmu yadda muke aiki mun faɗi abin da ke rubuce. Ba ɓoyewa aka yi ba. Idan baƙo ya ce ka ba shi labarin gidanku, ba ka faɗa masa cewa kuna gaisawa da safe.

Ranar ɗaukar hoton yatsu an yi ta ne a tsohuwar tagar akawu. Wayar na'urar gajera ce, soket kuma yana cikin ɗaki, sai aka ɗora ta a kan dakalin taga. Yaran kamfanin da ya sayar da manhajar suna ciki suna kallon allo, ma'aikata suna waje a layi. A kira suna, mutum ya ɗora babban yatsan dama, a ce sake, ya sake, sannan ya ɗora na hagu domin ko na daman zai samu rauni. Masu gam sun ba mu wahala, sinadari ya cinye zanen yatsunsu, sai da aka yi ta shafa musu man kaɗe. Daga ciki ba a ganin komai sai hannu.

Abin da ya faru a layin, daga baya na ji shi daga bakin waɗanda suke wurin. Malam Idi da Da Gyang sun fahimci bayanin sarai. Sun kuma ga cewa idan aka cire kati, mai riƙo ba shi da abin bugawa. Suka yi shawara a tsaye, a gaban kowa. Da aka kira Da Gyang ya ɗora na damansa, da aka zo na hagu Malam Idi ya miƙa nasa. Da aka kira Malam Idi suka yi haka nan. Mutanen layi suka yi dariya, wani ya ce dattawan nan sun fi injin wayo. Su a ganinsu gyara suka yi wa kamfani, sun toshe ramin da masu ilimi suka manta. Daga ranar duk wanda ya zo aikinsa ya dangwala dama, wanda ya zo riƙo ya dangwala hagu.

Abin ya tafi lafiya har damina ta wuce. A allona su biyun sun fi kowa kyawun zuwa aiki, ba makara ba fashi. Sai wata Asabar Da Gyang ya shigo gari, yana komawa gida wani mai a-daidaita-sahu ya buge shi a Gada Biyu, ƙafarsa ta karye. Matarsa ta kai shi asibitin da kamfani ke hulɗa da shi, ta miƙa katin asibitin da muka raba. Washegari Lahadi ce, ranar Da Gyang, Malam Idi ya zo kamar kullum ya dangwala hagu. Talata ma ranar Da Gyang ce, ya sake zuwa. Haka ya haɗa ranakunsa da na abokinsa, kullum yana ɗakin boila, da yamma ya wuce asibiti da ayaba. Shugaban sashensu ya sani, bai ga abin kawowa ofis ba tunda tururi na tafiya. Ni ma na ji labarin karayar, na je dubiya, na ce a kawo takardar likita idan an sallame shi, kamar yadda aka saba.

Manhajar ba ta jira takarda ba. Ɓangaren asibiti ya ce mutumin nan yana kwance, ɓangaren ƙofa ya ce yana zuwa aiki, ta haɗa biyun ta aika hedikwata da jan rubutu. Aikinta ta yi, don haka aka saye ta. Rifkatu ce ta shigo ofishina da safe ta juyo mini da allonta.

"Baba, duba nan. Mutum yana gadon asibiti, yatsansa yana bakin ƙofa."

Muka tafi ɗakin boila tare. Malam Idi yana duba ma'aunin tururi, idonsa ya faɗa saboda gajiya. Na tambaye shi wa ke dangwala wa Da Gyang.

"Ni ne, Oga Haladu," ya ce, ya ɗaga hannun hagu. "Wannan ai nasa ne. Nawa na hagun yana wurinsa."

Rifkatu ta nemi benci ta zauna. Ta ce, "Baba Idi, wa ya ce ku yi haka?"

"Ba wanda ya ce, 'yata. Ba wanda ya ce kada a yi. To in ban dangwala masa ba, a rubuta bai zo ba, alhali aikinsa bai kwana ba?"

A hanyar komawa ta ce mini da ta san da riƙo tun farko, da ta nemi a yi masa wuri, ba abu ne mai wuya ba. Ranar ta rubuta wa hedikwata doguwar wasiƙa, ni ma na rubuta tawa, na ba da tarihin abin tun daga kati. Amma jan rubutun ya riga wasiƙunmu isa. A wata masana'antarsu an kori mutane kan sa yatsa a sunan wani, dokar kuma ba ta da ƙofar baya. Aka dakatar da su biyun, aka ce za a zauna kwamitin ladabtarwa da zarar Da Gyang ya iya takawa.

A irin wannan zama aikin mai kula da ma'aikata ba alƙalanci ba ne. Kai ne mai shirya ɗaki, mai kawo fayil, mai rubuta abin da aka faɗa, idan da bukata kai ne tafinta. Kafin zaman kuma kai ne kowa ke tarewa a lungu. Shugaban ƙungiyar ma'aikata, wanda ya san doka kamar lauya, shi ya hango mafita. Da Gyang yana kwance lokacin da aka yi dangwalen. Idan ya ce bai san an sa yatsan wani a sunansa ba, layi ne ya cakuɗe ranar ɗauka, laifin ya tsaya a kan Malam Idi shi kaɗai. Mutum ɗaya ya tafi ya fi biyu su tafi. Da Gyang yana da yara biyu a makarantar gaba da sakandare, ga ƙafa da ba a san yadda za ta warke ba, ba kuma mai ɗaukar dattijo mai sanda sabon aiki. Malam Idi da kansa ya amince. Ya je har gida ya faɗa wa Da Gyang, a gabana.

"Ka ce ba ka sani ba. Ni nawa ya riga ya ƙare, ni na dangwala. Kada ka yi mana asara biyu."

Da Gyang yana zaune ƙafarsa a kan kujera, ya yi dariya ya ce, "Malam, ka sha kunu tukuna, madam ya dama tun safe." Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Muka ɗauka ya ji.

Mutumin da hedikwata ta turo ya jagoranci zaman ba mugu ba ne. Ya karanta wasiƙunmu biyu, ya shiga ɗakin boila ya gani da idonsa, na kuma lura shi ma yana son a bi ta ƙofar da shugaban ƙungiya ya nuna. Malam Idi ya fara shiga, ya amsa komai cikin 'yan kalmomi, ya ce shi ya kawo shawarar, shi ya aikata. Aka shigo da Da Gyang da sandunansa biyu, sanye da kwat ɗinsa na zuwa coci. Ya ce Turancinsa na boila ne, zai yi Hausa in fassara.

Mutumin hedikwata ya yi tambayar a hankali, ya ce in gaya masa ya yi tunani sosai kafin ya amsa, domin amsar ce za ta yanke zamansa a kamfani. Shin ya san cewa akwai yatsan wani a cikin sunansa?

Da Gyang ya gyara sandunansa ya jingina su da tebur. Ya ce, "Na sani. Ni na kama hannunsa na ɗora a kan injin. Nawa kuma yana cikin sunansa, ku duba, duk Juma'a ni ne."

Na ɗan dakata da alƙalami a hannu. Shugaban ƙungiya yana kallon silin. Da Gyang ya juyo gare ni.

"Haladu, faɗa masa yadda na faɗa. Kada ka sa masa sukari."

Na faɗa yadda ya faɗa. Mutumin hedikwata ya cire tabarau ya murza ido, ya sake tambaya ta wata fuska, ko dai bai gane abin da ake yi ba ne ranar. Da Gyang bai jira fassarata ba, ya amsa da guntun Turancinsa cewa ya gane. Aka rubuta, ya sa hannu, ni ma na sa a matsayin shaida. Na ji nauyin abin, ba zan ɓoye ba, amma tafinta ba shi da bakin kansa.

Abin da ƙungiya ta iya samo musu shi ne a mayar da korar ta zama ajiye aiki, domin kada a ɓata musu suna. Aikin dai ya tafi, na su biyun. Wasiƙar Rifkatu ta yi tasiri daga baya. Wannan ɗan akwatin da kuke gani a gefen jadawali, inda mutum ke sa sunan wanda zai tsaya masa shugaban sashe ya amince, daga nan ya samo asali. Kuna danna shi ba tare da tunani ba, kuma haka ya kamata. An ƙara shi ne bayan sun tafi.

Ranar da suka zo karɓar takardunsu na raka su bakin ƙofa, domin na riga na rufe sunayensu, na'urar ba za ta buɗe musu ba, sai maigadi ya buɗe ƙaramar ƙofar gefe. Tun daga ofis Malam Idi bai yi wa abokinsa magana ba. Ya je ya turo babur ɗinsa, ya tsaya yana kallon titi. Sai da Da Gyang ya iso kusa da shi yana dogara sanda sannan ya buɗe baki, ban taɓa jin muryarsa da zafi haka ba.

"Kai dai taurin kai zai kashe ka. Kalma biyu aka ce ka faɗa. Yanzu yaran nan fa? Me na riƙe maka ke nan?"

Da Gyang ya tsaya ya huta a kan sandarsa. Ya ce, "Malam, duk Lahadin da ka bar iyalinka ka zo ka tsaya a zafin boila don in je coci, in na yi ƙarya a kanka yau, to me na je yi a can?"

Malam Idi ya karkato babur ɗin gefen dakali domin mai karaya ya samu hawa, ya karɓi sandunan ya ɗora a cinyarsa. Gidansa yana nan kusa, bayan Katako, amma da suka fita titi sai ya juya hanyar Vom.